Wace fawa-saflai zan fara da ita a teburin gyara? Kuɗina ba su da yawa

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayen gida da 'yan'uwa masu sana'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni a harkar nan.

Na koyi gyaran waya a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, Oga ya yaye ni bara, yanzu na kafa ɗan teburina a unguwa, a gefen shagon kawuna mai cajin waya. A wajen Oga akwai fawa-saflai, wato na'urar da ke ba da wuta daidai yadda ka saita don gwada kaya, da kowa yake amfani da ita. Ni kuwa har yau batir nake liƙa wa igiyoyin wuta biyu in tayar da fanel, wato allon cikin waya, da shi. Idan aka kawo min wayar da ta mutu murus, ba na ganin abin da take ja, sai dai in yi ta taɓa fanel da yatsa ina neman inda ya yi zafi. Kuma a unguwa ba waya kaɗai ake kawowa ba. Akwai fitilar sola, rediyo mai cin memori, sifikar Bluetooth, wani lokaci har laftof. Da dare kuma ina ɗan koyon haɗa abubuwa da Arduino, ɗan allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni.

Na zaga Sabon Gari da Farm Centre na ga iri huɗu. Akwai ƙarama 15V 2A, wato bolt 15 amfiya 2, irin mai lamba 1502 da ke kan teburin kusan kowane mai gyaran waya, ita ce mafi araha. Akwai 30V 5A mara nauyi, da hannu ɗaya za ka ɗaga ta. Akwai wata ita ma 30V 5A amma mai nauyi sosai, kuɗinta ya fi. Sai 30V 10A mara nauyi, wadda mai shagon yake ta nuna min cewa ita ce riba, tunda tsakaninta da mai 5A kuɗin ba wani yawa ba ne.

Abin da na tara naira dubu tamanin ne, kuma a ciki nake so in sayi ƙarin dalma da igiyoyi. Wutar unguwarmu ba ta zama, idan ta zo ma sau da yawa a raunane take, rabin aikinmu da ƙaramin janareta ne. Don Allah wacce zan ɗauka? Mai 10A ɗin tana jan hankalina.

Mai Rediyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a teburin, ɗana.

Ka cire ranka daga mai 10A ɗin nan. Cikin duk abin da ka lissafa, babu wanda zai nemi amfiya goma. Laftof mai caja 65W a kan 19V abin da zai ja bai wuce 3.4A ba, mai 90W kuma kamar 4.7A, shi ma sai yana aiki yana cajin batir a lokaci guda. Amfiya biyar ta ishe ka. Akwai ma illa a cikin babbar: abin murɗawa ɗaya ne aka raba masa amfiya goma, ka ɗan taɓa shi kaɗan ya yi tsalle da yawa, kuma da yawansu fuskarsu ba ta nuna ƙananan lambobi. Kai kuwa a gyaran waya ƙananan lambobin nan su ne idanunka.

Abin da ake sayen wannan na'ura dominsa shi ne ta iya tsayar da ƙarfin wuta a inda ka ce. Ka duba gabanta, za ka ga fitilu biyu ƙanana, ɗaya an rubuta CV, ɗaya CC. Idan CV ce a kunne, na'urar tana riƙe da bolt ɗin da ka saita, kayan yana jan abin da yake bukata. Da zarar kayan ya nemi ya wuce iyakar amfiyar da ka sa, sai CC ta kama, na'urar ta sauke bolt da kanta don kada a wuce iyakar. Misali ka sa 4V da iyakar 0.5A, ka jona fanel mai shot, wato inda layin wuta ya haɗe da wanda bai kamata ba. Da batir ne, zai zuba masa duk abin da ke cikinsa har layi ya ƙone. Wannan kuwa za ka ga bolt ya faɗo ƙasa da 1V, amfiya ta tsaya cak a 0.5, fanel bai ƙara lalacewa ba, kai kuma ka san akwai shot tun kafin ka ɗauki mita. Daga nan sai ka sauko da bolt zuwa wajen 1V, ka ɗaga amfiya a hankali, ka shafa sifirit ko hayaƙin rozin, ƙaron da ake dalma da shi, a kan fanel, ka ga kafasitar (ɗan abin da ke tara wuta) da za ta fara busar da shi ko narkar da shi. Ita ce ɓarauniyar.

Su ƙananan 1502 ɗin nan, da yawansu ba haka suke aiki ba. Idan aka wuce iyaka sai su yanke wuta gaba ɗaya su yi ƙara, ka sake kunnawa. Kariya ce, ban raina ta ba, mutane da yawa sun ci abinci da ita shekaru. Amma ba za ta riƙe maka wuta a kan shot ka nemi inda yake zafi cikin natsuwa ba. Ga shi 15V ba ta kai laftof ba, sannan manyan wayoyin yanzu wasu suna haura 2A a lokacin tashi, sai ta yanke maka a tsakiya ka ɗauka wayar ce ke da matsala. Idan ka saye ta yau, nan gaba kaɗan za ka koma kasuwa.

Abu na biyu, ƙirga lambobin fuskarta. Wadda ke nuna 0.00A ba za ta nuna maka komai ƙasa da miliamfiya goma ba. Wadda ke nuna 0.000A ita kake so. Wayar da ake kawo maka ana cewa batirinta yana zubewa cikin dare, ka jona ta a kashe, ka ga tana jan 0.008 alhali ba a danna komai ba, ka san akwai inda take yoyo. Mai lambobi uku za ta nuna maka sifili ko ta yi ta rawa tsakanin 0.00 da 0.01, ka mayar wa mai waya kayansa ka ce lafiya lau, jibi ya dawo.

Na uku, maɓallin da ke kunna wutar fita shi kaɗai, daban da makunnin na'urar. Da shi za ka saita bolt da amfiya igiyoyinka na jone amma babu wuta a kansu, sai ka gama dubawa ka danna. Masu araha da yawa ba su da shi, kana kunna ta wuta na bakin igiya.

Maganar nauyi kuwa, mai nauyin nan taransifoma ce ta ƙarfe da jan waya a cikinta, ita ake kira liniya. Idan kana murɗa bolt za ka ji tana ƙas-ƙas, rile ne, makunni mai aiki da kansa, yake canja layin taransifoma don kada ta yi zafi da yawa. Wutarta a tace take. Mara nauyin kuma suwicin ce, tsarinta ɗaya da cajar laftof, tana datsa wuta sau dubbai a daƙiƙa, kuma ɗan ɓurɓushin wannan datsawar yana biyo wutar fita. Waya da laftof ba ruwansu da shi. Amma ni da na taso a kan rediyo da amfilifaya, na sha jona rediyo a irinta in ji tashar gajeren zango ta cika da shuuu, ka rasa ko rediyon ne ko na'urar. Shi ya sa tawa mai nauyi ce. Irin Korad KA3005D ita ce misalin da zan ba ka: 30V 5A, lambobi huɗu, maɓallin fita, har da wajen ajiye saiti yadda za ka danna ɗaya ta ba ka 4V, ka danna wani ta ba ka 19V. Farashi ba zan faɗa ba, kullum yana bin dala. Idan kuɗinka sun kai, ita. Idan ba su kai ba, ka tambayi masu kayan gwanjo, tsofaffin na'urorin ɗakin gwaji sukan shigo, kuma liniya abu ce mai gyaruwa, kayan cikinta duk na kasuwa ne.

Bazazzagiya ta rubuta:

Baba Mai Rediyo ya gama magana a kan CC, ba ni da abin ƙarawa. Amma a kan liniya ina da ɗan bambancin ra'ayi, Baba ka yi min afuwa.

Ina kula da ɗakin gwajin ɗalibai a wata makarantar kimiyya da fasaha, iri biyun duk suna gabana kullum. Ga wanda kashi tara cikin goma na aikinsa waya ce da laftof da fitilar sola, suwicin mai kyau ta wadatar, ragowar kuɗin ya sayi igiyoyi na kirki. Gara suwicin mai lambobi huɗu da maɓallin fita a kan liniya mai lambobi uku da ba ta da shi. Ranar da ya fara gyaran amfilifaya da gaske, sai ya yi tunanin ta biyu.

Malam Ɗan Kurna, duk wadda za ka saya, kada ka biya sai an jona ta a gabanka. Ka tafi da mitarka da ƙwan mota na sigina, 12V 21W. Ka fara juya bayanta: wasu suna da ɗan makunni na 110 da 220, ka tabbata yana kan 220, domin idan yana kan 110 aka soka a wutarmu, nan take za ta tafi. Sai ka sa 12V, ka auna da mitarka ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya da fuskarta. Ka sa iyaka a 1A ka jona ƙwan. Ya kamata ya kawo dishi-dishi, fitilar CC ta kama, bolt ya sauka. Ka ɗaga iyakar zuwa 3A, ƙwan ya haska sosai, CV ta dawo, amfiya ta tsaya wajen 1.7. Ka bar shi haka na ɗan lokaci ka ji ko fanka za ta tashi, ka kuma lura ko lambobin suna zaune ko suna yawo. Idan mai shago ya hana ka wannan gwajin, shaguna suna da yawa.

Akwai abin da ɗalibaina suke yawan faɗawa ciki. Sai yaro ya sa iyaka a 0.020A, ya bar bolt a 30, ya ɗauko ɗan ƙwan LED ya jona, ya ce ai CC za ta kare shi. LED ya yi walƙiya sau ɗaya ya mutu. Dalili shi ne akwai kafasita a bakin wutar fita, a cike take da 30V ɗin nan, kuma ita ke fara juye abin da ke cikinta kafin CC ta farga. Saboda haka bolt ake fara saitawa daidai da kayan, iyakar amfiya ta biyo baya. Haka nan kada ka kunna ko kashe babban makunni kaya na jone, wasu masu araha sukan yi ɗan tsallen bolt a wannan lokacin, kuma mita ba ta da saurin da za ta nuna maka shi. Tunda kana wasa da Arduino ka riƙe wannan sosai, 5V ne abincinsa, wasu allunan ma 3.3V.

Sai igiyoyin da ke zuwa a kwali. Yawanci roba ce mai kauri, wayar ciki 'yar siririya, wata ma ba jan ƙarfe ba ce, fenti aka yi mata. Ka kai maganaɗisu kusa da bakin wayar, idan ya kama ka san baƙin ƙarfe ne. Lissafin mai sauƙi ne: igiya mai 0.2 om, waya ta ja 3A, ka yi asarar 0.6V a hanya. Fuskar na'ura tana ce maka 4.0, abin da ya isa fanel 3.4 ne, waya ta kawo tambari ta mutu, ta sake kawowa ta mutu, ka shiga canja kayan da lafiyarsu ƙalau. Ka haɗa naka da waya mai kauri, gajeru. Ka kuma sayi igiyar tayar da waya mai kawuna da yawa, tunda wasu wayoyin, musamman iPhone, ba sa tashi da ja da baƙi kawai sai sun ga alamar batir.

Ƙarshe, wayar ƙasa. Soket ɗinmu mai baki uku ne amma a shaguna da yawa na ukun ba a jona shi da komai ba. Suwicin idan ba ta samu ƙasa ba, za ka ji jikinta yana ɗan cizo, kuma wannan 'yar wutar tana iya bi ta fanel ta fita ta bakin ayan ɗinka na dalma. Ka sa mai wayarin ya kafa muku sandar ƙasa a shagon, zai amfani kawunka ma.

Ɗan Kurna ya rubuta:

Na gode Baba, na gode Anti. Wallahi maganar igiya ta buɗe min ido, domin a wajen Oga ma akwai wayoyin da suke yin wannan kawowa da mutuwa a kan na'ura amma su tashi lafiya da batir.

Na bar maganar 10A. Saura batun wuta. Idan ta zo a raunane, ko muna kan janareta, wacce ta fi jurewa? Kawu yana da inbata da batura biyu na sola da yake caji da su idan rana ta yi, ya ce zan iya jonawa.

Na Gusau Mai Sola ya rubuta:

Abokina, tunda akwai batura a shagon, ga wata hanya da ba a ambata ba. Akwai ƙananan na'urori da ba sa shan wutar gari sam, DC, wato wuta irin ta batir, suke ci su ba ka DC. DPS5005 tana karɓar 6V zuwa 55V, ta ba da har 5A. Babbar yayarta RD6006 tana karɓar har 70V, ta ba da 6A. Dukansu suna da CV da CC, da maɓallin fita, suna kuma nuna miliamfiya. Ni irin ta farkon nake amfani da ita, na sa ta a cikin akwatin roba, ina ba ta wuta kai tsaye daga batura. Ko an kawo wuta ko an ɗauke, teburina bai sani ba.

Sharaɗinta ɗaya: ragewa take yi, ba ta ƙarawa. Abin da zai fito dole ya gaza abin da ya shiga da ɗan rata. Idan baturan kawunka a jere suke 24V, za ka samu har wajen 21V, laftof ya shiga ke nan. Idan 12V ne, waya da Arduino kawai za ta yi maka. Tsohuwar cajar laftof ta asali mai 19V ita ma tana iya ciyar da ita ranar da akwai wuta.

Ka sa fis a kan jar waya dab da batir, wannan ba abin wasa ba ne, batirin sola idan ya samu shot waya ja take yi ta kama wuta. Kada ka juya ja da baƙi wajen shiga. Kuma ka sani baƙar wayarta a haɗe take da batirin inbata, babu rabuwa a tsakani, saboda haka kada ka jona ta a kayan da ke soke a wutar inbatar a lokaci guda.

Game da tambayarka, idan inbatar irin mai araha ce wadda wutarta ba ta da laushi, taransifoma tana gurnani a kanta tana zafi, ka taɓa jin yadda fanka ke kuka a irin wannan wutar, haka liniya za ta yi. Suwicin ta fi haƙuri da ita.

Mai Rediyo ya rubuta:

'Yata Bazazzagiya, na karɓi gyaranki. Ni kunnena ya saba da rediyo, shi kuma yaron nan waya ce abincinsa. Idan zaɓin ya zama tsakanin lambobi huɗu da nauyi, ya ɗauki lambobi huɗu.

Batun wuta mai rauni, ka karanta takardar da ke bayan na'urar. Yawancinsu an rubuta 220V da rangwamen kashi goma sama ko ƙasa, wato daga 198 zuwa 242. Idan wuta ta faɗi ƙasa da haka, liniya ba ta lalacewa, saman ne yake guntulewa, ka nemi 30V ta kasa kaiwa ko ta riƙa sakin bolt idan kaya ya ja. Suwicin kuma takan riƙe har wani wuri sannan ta yanke. Abin da ya fi kashe su shi ne ƙaramin janareta lokacin da mai ya kusa ƙarewa yana sama yana ƙasa, ko lokacin da aka cire masa babban kaya wuta ta yi tsalle. A nan taransifoma ta fi ƙashi, suwicin kuwa taransistocin gabanta ne suke fara tafiya. Na'urar gaba ɗaya 150W take bayarwa, ƙaramin sitabilaiza mai 500VA ya ɗauke ta. Kuma ka saba da zare ta daga soket kafin a tayar da janareta ko a kashe shi.

Shawarar mutumin Gusau mai kyau ce, ina da sharaɗi ɗaya a kai. Ka sayi irin waɗanda ya ambata masu fuska da maɓalli. Kada wani ya ce maka ga ƙaramin allo na XL4015 ko LM2596 mai arha, ka ɗaura masa mita ka huta. Suna da amfaninsu a fitila da fanka. Amma idan abin datsa wutar cikinsu ya ƙone, sau da yawa a haɗe yake mutuwa, duk 24V ɗin batir ta wuce kai tsaye zuwa wayar mutane da ke jiran 4V. Haka ma fawar tsohuwar kwamfuta da ake haɗa koriyar waya da baƙa a tayar da ita: za ta ba ka 12V da 5V da 3.3V masu ƙarfi, amma ba ta da iyakar da za ka saita, amfiya ashirin na iya bi ta kan shot kafin ta yanke.

Wani abu kuma tunda shagon caji ne, za a roƙe ka ka tayar da mataccen batir da ita. Na lithiyom kada ka wuce 4.2V, amfiya kaɗan, kana tsaye a kansa, wanda ya kumbura kuwa kada ka taɓa shi. Kuma ka cire batirin kafin ka kashe na'urar, domin wuta tana komowa ciki ta baya idan aka ɗauke, wasu ba su da kariya daga wannan.

Ɗan Kurna ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Na duba baturan Kawu, 24V ne. Ga abin da na tsayar: ranar Asabar zan shiga kasuwa da mita da ƙwan sigina da maganaɗisu, in nemi 30V 5A mai lambobi huɗu da maɓallin fita. Idan mai nauyin ta shiga kuɗina ita zan ɗauka in haɗa da sitabilaiza daga baya, idan ba ta shiga ba in ɗauki suwicin. Ta kan batir ɗin kuma sai bayan sallah in Allah ya hore.

Malam Na Gusau, fis mai amfiya nawa ka sa a taka, kuma wace irin waya ka ja daga batir zuwa tebur? Tsakanin baturan da teburina zai kai taku shida.

Na Gusau Mai Sola ya rubuta:

Fis na mota mai 7.5A na sa, irin mai ƙafa biyu, a cikin gidansa. Waya kuma 2.5mm ta jan ƙarfe zalla, mai laushi, ta ishi wannan nisan. Ka ɗauko daga kan batir ɗin kansa, kada ka ɗauka daga bakin kwantirolar sola. Idan ka zo haɗawa ka turo hoto nan kafin ka sa fis ɗin, mu duba maka ja da baƙi.